Mai Alli da Jirgin Autansa

Yayana a cikin tumbin jiragen ruwa na dakon mai ya tsufa. Idan aka kawo jirgi gyara, aka tsotse mai, aka wanke tankuna, shi ke sauka da tocila da alli, yana bin ɗinkin walda yana neman tsaga. Inda ya gan ta sai ya zagaye da alli, shi ya sa sunan Mai Alli ya bi shi. Har tukunyar matarsa ya taɓa zagayewa, ta ce saura fuskarta.

Ni da ke jan injin ɗaga kaya a wurin na sha tsokanarsa, wai ƙarfe mai kaurin bango ruwa zai kayar? Sai ya ce ba igiyar ruwa ɗaya ke karya jirgi ba. Wannan ta ɗaga tsakiyarsa, waccan ta bar shi ya lotsa, shekara da shekaru, har ƙarfen ya gaji. Gajiyar kuwa a kusurwa take fara leƙowa, siririya kamar gashi.

Bara gwiwoyinsa suka ƙi shi. Likita ya hana shi tsani, shi kuma ya amince zai ajiye aiki. Ana haka autansa ya samu aiki a wani tsohon jirgi, jirgin kuwa ga shi a gabanmu ana gyara. Shi ke nan maganar hutu ta sha ruwa. Matarsa ta yi magiya, ta ce ai akwai wasu masu dubawa. Ya ce ya sani, kuma ƙwararru ne, amma ba ɗansu zai kwana a kan ƙarfen nan ba.

Ya bi tankunan ɗaya bayan ɗaya, yana sauka kamar mai tsohon ciki. A na ƙarshe ya samu abin da yake tsoro, 'yar tsaga a gindin wani haƙarƙarin jirgin. Ya zagaye ta, ya juyo zai hau, ƙafa ta ce ba da ita ba.

Ni aka kira. Na zura masa kwandon da muke sauke kayan walda, na ɗago shi. Tunda nake aikin nan ban taɓa ɗaga kaya da lallami irin na ranar ba.

Autan na tsaye a bakin tankin, ido ya kawo ruwa. Uban bai ko dube shi ba sai da ya damƙi hannun mai walda ya kwatanta masa kusurwar, ya sa shi ya maimaita.

Sannan ya juyo ga autan ya ce, "To, ɗan nan, je ka haɗa kayanka na tafiya."

Na leƙo daga sama na ce, "Yaya, in sauke ka nan, ko in wuce da kai gida a haka?"

"Sauke ni, ɗan nema. In kuma uwarsu ta ji zancen kwandon nan, na san bakin da ya kai mata."

Bai ƙara sauka tanki ba. Zancen kwandon kuwa, kafin ya isa gida ya riga shi.