Dutsen Dada

Mu mutanen Roni muna ji da duwatsunmu, kuma ba ma ɓoyewa. In ka baro Kazaure ka yo yamma, su ne za su fara yi maka maraba, jajaye da rani, koraye shar da damina, awaki na yawo a kafaɗunsu. Baƙo daga Babura, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, in ya zo sai ya yi ta ɗaga kai yana salati, mu kuma muna hura hanci sai ka ce mu muka gina su.

Mutum ɗaya ce a gidanmu ba ta taɓa ba su girmansu ba, ita ce kakata ta wajen uba, wadda muke kira Dada. Suri take ce musu. Muna yara, in mun sauko daga hawa muna haki, sai ta taɓe baki ta ce, "Sannunku da hawan suri. Gara ba ta cije ku ba dai ko?"

Tana da hujjarta. Bafulatanar Mambila ce, can ƙuryar Taraba, bakin iyakar Kamaru. Kakanmu ya je fataucin shanu yana saurayi, suka ga juna, suka daidaita, ya auro ta ya kawo ta Roni, kuma tun daga ranar ba ta sake taka ƙasarsu ba. A can ne dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya yake. A makaranta an koya mana wani sunan nasa, amma ni na bakin Dada na riƙe, Gangirwal. Takan ce a gindinsa gajimare har cikin bukka yake shigowa ya jiƙa maka shimfiɗa, ciyawa ba ta san rani ba, man shanu kuwa sai ya kwana ya wuni a ƙoƙo bai narke ba. Mu da muka tashi muna ganin man shanu ya zama ruwa kafin a kai shi kasuwa, wannan na ƙarshen ne ya fi yi mana kama da tatsuniya.

Ni ne babban jikanta namiji, don haka ni ne angonta a wasan kaka da jika. Ba ranar da za ta fito ta faɗi ba mu yi ba.

"Angona," in ji ta, "yaushe za ka kai ni in ga dutsena? Kai miji ne ko hoton miji?"

Ni kuma in ce, "Ranar da haƙoranki suka sake tsirowa, amarya. Ba zan shiga dangi da mace mai wawulo ba."

Sai tsakar gida ta kwashe da dariya, ita ma ta yi har da riƙe ciki. Na yi firamare tana wannan tambayar, na gama sakandare tana yi, na fara koyarwa a Gwiwa na yi aure tana yi. Kowa a gidan ya ɗauke ta a matsayin gaisuwarmu ni da ita.

Babana kuwa shi ne ɗanta na fari, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san me wannan ke nufi. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta roƙonsa ko da allura. Direba ne, yana da bas da yake jigila tsakanin Kazaure da Babura da Kano, saboda haka "mai motar nan" take ce masa. Da safe zai durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana fuskantar bango, a taƙaice, kamar mai amsa wa mai karɓar haraji. In ya dawo daga kasuwar Babura da cuku, wanda take matuƙar so, ni zai miƙa wa, ita kuwa ga ta nan zaune a gabansa. In ba ta, ta ce, "Ka ce wa mai motar nan an gode." Ni kuma in juya in ce, "Baba, wai an gode."

Gaskiya wannan alkunya ta sha ba ni haushi. Mutum biyu da na san kowannensu zai iya ba da ransa don ɗayan, amma sai an nemo musu tafinta a harshen da dukansu suke ji. Na taɓa yin ƙorafi wurin mahaifiyata, ta ce in rufe mata baki, kunya ado ce, in na haifi nawa zan gane. Na haifa, ban gane ba har yau.

Da tsufa ya kama Dada sai idonta ya fara ba ta matsala. Za ta miƙa hannu ta ɗauki buta ta kama iska. Mun zaci yanar ido ce, irin wadda ake cirewa mutum ya dawo gida yana gani garau. Ni na raka ta asibitin ido a Kano. Likitan ya daɗe yana haska ta, sannan ya ja ni gefe ya ce ba yana ba ce, jijiyar idon ce take mutuwa, abin da ya tafi ya tafi. Ya ba da magani na ɗigawa, ya ce zai ɗan ja lokaci, amma kada mu sa rai da yawa. A lokacin ba ta gane fuska, sai dai in abu babba ne kuma rana ta haska shi, takan ga inuwarsa.

Bayan mun dawo sai ta daina tambayar dutse. Ban lura da wuri ba, don takan tsokane ni a kan wasu abubuwan, tumbin da na fara ajiyewa da rowar goro. Wata Juma'a da na zo gaishe ta, sai na ji gaisuwar tamu ba ta cika ba, na ce bari ni in taɓo.

"Amarya, kin fasa zuwa dutsen naki ne? Ga shi har na fara tara kuɗin mota."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗan juya fuska wajen ƙofa, inda haske yake shigowa, ta ce, "Bar shi, angona. Ko an kai ni yanzu, me zan gani?"

Sai a lokacin na gane. Ashe duk shekarun nan ba wasa take ba. Roƙo take, kuma ta hanyar da aka bar mata kaɗai. Ɗanta ne mai mota, shi kuma ba ta da bakin yi masa magana, sai ta ɗora maganar a kan jika, da ƙarfi, a tsakar gida, inda ta san yana ji.

Na samu Baba a tasha yana wanke gilashin bas. Na gaya masa yadda muka yi. Ya tsaya da tsumma a hannu.

"Ita ta ce?"

"Baba, shekara nawa tana cewa?"

"Da kai take wasa. Ni ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ta yaya za ta gaya maka?"

Ya sauke tsumman daga gilashin. Can ya ce, yana kallon tayar mota, lokacin da yake tuƙa babbar mota kafin a haife ni, ya sha hawa Mambila ɗauko shanu. Bai taɓa faɗa mata ba. Yana tsoron kada ya tayar mata da kewar gida, kuma ai ba ya zama ya yi hira da ita ballantana zancen ya zo. Kullum in ya ji tana tsokanata sai ya ce a ransa, da da gaske take da ta aiko. Ita tana jira ya gane, shi yana jira ta aiko. Na rasa wanda zan ji wa haushi a cikinsu, sai tausayinsu ya kama ni su duka biyun.

Ya matse tsumman ya ce, "Ka gaya mata ta shirya."

Da na kai saƙo ta ce, "Ka ce wa mai motar nan kada ya ƙona mansa a banza." Amma kafin la'asar ta sa an ciro mata tsohon bargonta daga ƙasan adaka an shanya. Ta ce ni ma in nemi abin rufa. Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna, zafi kamar ya dafa mutum. Na ce amarya ta fara ruɗewa, na saka 'yar shadda mara nauyi na shiga mota.

Mu uku muka tafi, Baba a sitiyari, Dada a kujerar baya, ni a tsakani ina aikina na tafinta. Hanya ce mai nisan gaske. Muka bi ta Kano da Gombe, muka kwana a hanya, muka wuce Jalingo, muka sake kwana. "Ka ce masa ya rage gudu." "Ka tambaye ta ko za ta sha ruwa." Haka muka yi ta yi har Serti.

Daga Mayo Selbe hanya ta fara hawa. Ni da nake taƙama da duwatsun Roni, a nan na san suri muke da shi. Titi yana nannaɗe jikin dutse, gefe guda bango, gefe guda rami da ba ka ganin ƙarshensa, bas tana gurnani a giya ɗaya. Kunnuwana suka toshe, na kama salati a ɓoye. Dada kuwa ta ce in zuge mata gilashi. Ta fitar da hannu waje, iska mai sanyi tana dukansa, ta fara magana da Fulatanci ita kaɗai, da wata murya da ban san ta da ita ba. Kafin mu kai sama haƙorana sun fara haɗuwa. Baba ya cire tsohuwar rigar sanyinsa ya jefo mini, ya ci gaba da tuƙi daga shi sai 'yar shara.

Bayan Nguroje muka bar kwalta, muka bi hanyar ƙasa muna tambaya, har inda bas ta ce ba ta ƙara taku. Danginta sun watse tuni, wasu an ce suna Kamaru, wasu sun rasu. Wani makiyayi ya sauke mu a rugarsu, matansa suka kewaye Dada kamar sun santa. Ya nuna mana wani tudu a bayan rugar, ya ce daga can ake hango Gangirwal, in Allah ya sa gari ya washe.

Na goya ta muka hau. Muka zaunar da ita a kan ciyawa tana fuskantar inda aka nuna mana. Babu komai a wurin sai fari fat, gajimare ya sauko ya haɗe sama da ƙasa. Muka jira har yamma, bai ɗaga ba. Washegari da hantsi muka sake hawa, ko rana za ta taimaka ta ga ko da inuwarsa ce. Nan ma haka. Baba ya koma gefe ya tsaya, hannuwa a hammata, yana kallon farin nan kamar zai huda shi da ido. Na san abin da yake tunani. Da ya kawo ta tun tana gani, da sai su zauna su jira ko wata guda ne.

Dada ta ce, "Ana ganinsa?"

Na fara magana zan yi mata ƙarya irin ta ango, in ce ga shi can ƙato har ya tokare sama. Sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Ba da kai nake ba." Ta juya fuskarta daidai inda Baba yake tsaye. "Kai nake tambaya. Ka gan shi?"

Tun da nake ban taɓa jin ta ce masa "kai" ba. Baba ya durƙusa a inda yake, kamar yadda yake yi a ƙofar ɗakinta. Muryarsa tana rawa ya ce, "Dada, ban gan shi ba. Gajimare ya rufe shi. Ki yafe mini, na makara."

Sai ta yi dariya, irin wadda take yi a tsakar gida har da riƙe ciki.

"To ai mun zo ke nan," in ji ta. "Haka yake. Ni da na tashi a gindinsa da idona biyu garau, sai a yi kwana da kwanaki ban gan shi ba. Da ka ce mini ka gan shi, da na ce wani wurin ka kawo ni."

Ta shafa fuskarta, wadda gajimaren ya jiƙa, ta shafa ciyawar da take kai. Sannan ta ce masa, "Matso. Muryarka rawa take yi." Ya matso da gwiwa. Ta warware bargon daga jikinta, ta lalubo kafaɗarsa, ta lulluɓe shi, ta ja gefen ta soke masa a wuya yadda ake yi wa yaro. Hannunta ya daɗe a wurin. Baba, mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai yana kuka, ni kuma na juya na ba su baya, don a ranar ni kunya ta kama.

Da muka kama hanyar gida, tun kafin mu gama gangara, na ji ta daga baya tana cewa, "Angona, ka ce wa mai motar nan ya rage gudu." Na faɗa masa, ya rage.

Idon ya ƙarasa rufewa kafin wata daminar, ita kuma ba ta daɗe sosai bayan haka ba, Allah ya jiƙanta. Bargon bai koma adaka ba, don ba ta taɓa cewa a karɓo mata ba, shi ma bai mayar ba. Yana nan a ninke a kan kujerar direba. Fasinjojin Babura sukan tsokane shi, wai wane irin mutum ne yake yawo da bargo a wannan zafin, shi kuwa sai ya ce musu na mahaifiyarsa ne, ya tayar da mota.