Idon Kakana da Makwarwar Ƙanƙara

Duk lokacin da na shaƙi warin man zafi a jirgin ƙasa, sai kakana ya faɗo mini a rai. Shi yake shafawa a gwiwa kafin ya zura rigar sanyi, a shekarar da babana ya ɗauko shi daga ƙauye aka cire masa yanar ido. Ina 'yar shekara tara, muna zaune a hawa na shida a unguwar Tremont, can ƙasar waje.

Maharbi ne, a daji ya ƙare ƙuruciyarsa, don haka zaman ɗaki ya zame masa ɗauri. Gida yake so ya koma. Babana kuma ya kafe, ya ce ba zai mayar da makaho ƙauye ba, sai ya tabbatar yana gani. To, duk sanda aka nuna masa allon gwaji a asibiti, sai tsoho ya yi gum. Haruffan boko ne, bai san su ba, kuma ba zai faɗi haka a gaban ɗansa ba. Da aka kawo masa allo mai hotuna, ya ce shi ba yaron goye ba ne. Taurin kai dai gadonmu ne. Kowa ya ɗauka aikin idon bai yi ba.

Ana haka malamarmu ta ba ni aikin gida a kan wata tsuntsuwa ta ƙasashen ƙanƙara, wadda Turawa ke ce wa ptarmigan. Da lokacin zafi launin ƙasa gare ta, da sanyi ya shigo sai ta rikiɗe fara fat. Na yi ta naci har babana ya ajiye tasin da yake tuƙawa ranar Lahadi, ya kai mu gidan tarihin da ake ajiye busassun dabbobi. Kakana ma ni na jawo shi, yana mita.

A bayan gilashi aka shirya tsuntsayen, cikin tudun ƙanƙara da busassun rassa. Na dudduba na ga uku. Babana ya gyara tabarau, ya ce huɗu ne. Kakana kuwa ya matso kusa da gilashin. Ya rage tsawo, ya karkatar da kai, har numfashinsa ya sauya.

"Amarya," haka yake tsokanata, "ki daina neman fari. Tsuntsu yana ɓoye jikinsa, amma ba ya iya ɓoye ido."

Bai ɗaga yatsa ba, maharbi ba ya nuna nama da yatsa. Da leɓe ya yi ta nuna mana, ga ɗaya a gindin reshe, ga wata ta nutse saura baki kawai. "Bakwai ne. Makwarwa ce wannan, ƙanƙara ta samu. Dubi gashi har ƙafa, kamar ta sa safa."

Babana ya karanta rubutun da ke gefe. Bakwai ɗin ne. Ya juyo ya ce, "Baba, ashe kana gani?"

"Kai ne dai za a kai asibiti."

Wallahi ranar ji na yi kaina ya kusa taɓa rufi. Na riƙa gaya wa duk wanda ya tsaya kusa, da Turanci, cewa kakana ne wannan.

Kafin wata ya ƙare babana ya saya masa tikitin komawa gida. Na yi kuka sosai, don na san ni na buɗe masa hanya. Ya yi damina takwas a ƙauyensa, yana zuwa gona da ƙafarsa, kafin Allah ya karɓi abinsa.

Yau 'ya'yana da waya suke gane tsuntsu, su ɗauki hoto ta faɗa musu sunansa. Ba na hana su. Amma ban sake ganin kakana ba tun a filin jirgi, kuma da za a mayar da ni waccan Lahadin, zan sake jawo hannunsa.