Herr Pawlak, Ido Biyu Ba Caji

Ina da wani hali da ya kamata in faɗa tun farko: in Bajamushe ya yi mini magana ban gane ba, kai nake gyaɗawa kamar ƙadangare, in ce "ja, ja", wato "e, e". Mutum ɗaya ne a duk Gelsenkirchen bai taɓa yarda da wannan gyaɗawar ba, shi ne Herr Lothar Pawlak, mai kula da gininmu, wanda zai ajiye aiki bayan shekara talatin da wani abu.

Kafin kowa ya farka ya fito da durom-durom ɗin shara, kowanne a ranarsa. Daga nan ya bi bene da tsintsiya, makullai na ƙara a ƙugunsa, yana duba ƙwan fitila, yana taɓa bututun ɗumama ɗaki kamar likita. Ba ya fara'a kyauta. Gaisuwarsa kalma ɗaya ce, ita ma rabinta a gashin baki take maƙalewa.

Matsalata Umma ce. Mun taho da ita daga Homs ta Siriya da hankalinta garau, a nan mantuwa ta soma kama ta. Ta taɓa barin tukunya a kan murhu har ƙararrawar hayaƙi ta tara mana maƙwabta. Matata Rihab aikin safe take yi a gidan tsofaffi, tana kula da iyayen wasu. Ni kuma dole in zauna a ajin Jamusanci, don takardar zamanmu ta dindindin jarrabawar nan take jira. To wa zai zauna da Umma?

Sai na yi dabara irin ta tsohon malamin makaranta. Na sayo kyamara, da na'urar da ke jin motsin mutum, da wata da ke kashe murhu daga wayata. Takardar bayaninsu duk Jamusanci, na karanta na gyaɗa mata kai. Ranar Lahadi na ɗauki injin huda bango. Ko rami ɗaya ban gama ba aka ƙwanƙwasa.

"Yau wace rana ce, Nizar?" in ji Herr Pawlak.

"Ja, ja."

"Ba sunanta ke nan ba. Lahadi ce, ko ɓera ba ya huda bango yau. Kawo injin nan, gobe zan zo."

Ya zo. Shi ya ɗaura komai, amma ya ƙi karɓar ko ƙusa daga hannuna sai na faɗi sunanta da Jamusanci. In na gyaɗa kai, ya ajiye aiki ya naɗe hannu. "Ni ba sauri nake ba. Kai ne uwarka ke jira." A wunin nan na koyi abin da ya fi na wata guda a aji.

Kwanakin farko jikina ne kawai a aji, idona na kan waya a ƙarƙashin tebur. Umma ta shiga kicin, Umma ta fito, Umma ta zauna. Malama na tambayata hanyar tashar jirgi, ni ina lissafin ko an kashe murhu.

Ran nan na duba, fari fat. Kyamara ba ta nuna komai sai wani fari mai ƙananan ramuka. Na'urar motsi ta ce tun safe ba wanda ya gifta. Na kira, ba a ɗauka ba. Na sake kira. Ban san lokacin da na bar jakata na fita ba. A cikin jirgin ƙasa na cikin gari har na fara tunanin inda za a binne ta, nan ko Homs, da abin da zan gaya wa yayata. Na kira Herr Pawlak, Jamusancin duk ya gudu ya bar ni da kalma uku: "Mama. Ƙofa. Taimako."

Da na iso ina haki, takalmansa na fara gani a jere a bakin ƙofa. Yana zaune a falo da safa mai huji, da finjalin gahawa a hannu. Umma na ba shi labarin rasuwar mahaifina da Larabci, shi yana amsa mata da Jamusanci game da ciwon gwiwarsa. Kowace na'ura kuwa an lulluɓe ta da farin ƙyallen da Umma ta saƙa da kwarashi, irin wanda talabijin ɗinmu ta yi shekaru tana sanye da shi a gida.

"Umma, me ya kai ki?"

"In bar kaya tsirara ƙura ta hau? A gidan wa ka taso? Kuma wannan mai ido ɗayan yana kallona ba mayafi." Ta juya ga Herr Pawlak, wanda take kira Abu Torsten, wato baban Torsten, ɗansa. "Abu Torsten, ƙara gahawa. Bar shi, tun yana yaro haka yake, ga karatu ba wayo."

Na cire ƙyallayen, ta mayar. Na sake cirewa, ta saƙa masu kauri. A rana ta uku Herr Pawlak ya tare ni a bene.

"Bar mata kayanta. Ni ido biyu gare ni, kuma ba a yi mini caji. Ka gane, ko kai kake gyaɗawa?"

Na gane. Tun daga ranar, kowane hantsi yana hawa bene, ya cire takalmi, ya taɓa murhu, ya sha gahawa, ya turo mini hoton babban yatsansa. Sai na ga yatsan nake jin abin da malama ke cewa. Daga baya matarsa ta gaya wa Rihab cewa likita ya daɗe da hana shi gahawa.

Akwai abin da bai taɓa gaya mini ba, maƙwabcinmu Tesfay ne ya gani ta taga. Wata safiya ana dusar ƙanƙara, Umma ta fito da silifas, wai za ta sayo gurasa a unguwarmu ta Homs. Herr Pawlak bai ja ta ba, bai ɗaga murya ba. Ya yafa mata rigarsa, ya raka ta gidan burodin Baturke da ke kwana, suka sayo, suka dawo tana yi masa faɗan tafiya a hankali.

Kai ne, Abu Torsten, ka bar wa tsohuwa mutuncinta, ka bar wa ɗanta sauran hankalinsa. Kai ne ka riƙe makullin kowane gida a ginin nan, ba ka taɓa shiga ba sallama ba. Ba addininmu ɗaya ba, ba ka jin ko kalma ɗaya daga addu'ar da take yi maka, amma kana tsayawa har ta shafa. Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya.

Ku kuma masu karatu, in akwai tsohuwa a saman benenku, ku hau ku ƙwanƙwasa. Ba sai kun iya yarenta ba, shi ma bai iya ba.

Jarrabawar dai na faɗi, zan koma aji a watan gobe. Shi kuma ranar Juma'a zai miƙa makullai, an ce wani kamfani ne zai karɓa, mai lambar waya. Ƙyallen yana nan a kan kyamara.