Doyar Tsoho da Shahon da Bai Sauka Ba

Har yau idan mutum ya fara mini magana da "an ce", sai raina ya ɓaci tun kafin ya ƙarasa. 'Yan ofishinmu suna cewa ina da saurin fushi. Da gaskiyarsu. Gado na yi, kuma na san inda na gaje shi.

Ƙauyenmu yana inda kwalta ta ratsa yanzu, a tsakiyar Abuja. Mu Gbagyi ne, manoman doya. Ina yarinya a shekarun da ake shirin ɗauko gwamnati daga Legas a dasa ta kan gonakinmu. Bayan cin tuwo, Kaka, uwar Babana, takan hura wuta a ƙofar ɗakinta ta jefa doya a garwashi, mu kewaye ta, mu da 'ya'yan Hausawa maƙwabta. Saboda su take tatsuniya da Hausa, irin tata, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Doyar kuwa ta marigayi mijinta ce, irin da ya yi shekara da shekaru yana zaɓe. Fara tas, ga gari, in ta gasu da kanta take tsagewa. Duk ƙauyen doyar tsoho ake ce mata, kuma gidanmu kaɗai ke da irin.

Kaka ta raba sani kashi uku: abin da ka ji, abin da ka gani, da abin da ka gwada da hannunka. Ka kawo mata labari sai ta ce, "Wanne daga ciki?" In ka ce ai gani ya kori ji, sai ta yi tsaki ta ce ido ma maƙaryaci ne, sai hannu ya ba shi shaida.

Wata rana mutanen gwamnati suka kwashi magidanta a mota, a nuna musu inda za a mayar da mu. Baba ya dawo baki har kunne, ya zauna wajen wutar, abin da ba ya yi.

"Mama, kin ga gidaje? Rufin kwano! Fili kuwa iya ganinka, kore shar."

"Ɗanjuma, ka tona ƙasar?"

"Ai ba su bari mun daɗe ba. Amma an ce ƙasar tana da kyau."

"Wa ya ce? Ya taɓa shuka doya a can?"

Kaka ta juya doya a wuta ta dube mu. "Ga ta nan tafe, mai kunne ya buɗe, mai hannu ya shirya."

Ta ce wata shekara dabbobi za su yi ƙaura, sai suka aiki shaho ya dubo musu sabon wuri, tunda duk ya fi su ido. Ya tashi, ya kewaya, ya dawo yana kirari: ya ga ƙasa kore, ya ga ruwa yana walƙiya. Tsohuwar gafiya ta ce, "Ka sauka?" Ya ce a'a. "Ka lasa ruwan?" Ya ce shi da yake gani daga sama, me zai yi da lasa? Aka yi wa gafiya dariya, aka ce baƙin ciki take don ba ta da fiffike. Suka kwashi hatsinsu kaf suka tafi. Ashe koren nan gansakuka ce a kan dutse, walƙiyar kuma rana ce a kan falalen dutse. Shaho ya buɗe fiffike ya yi gaba abinsa, masu ƙafa huɗu suka zauna suna kallon juna.

Baba ya ce, "Mama, ni ne shahon ke nan?"

"Ni yara nake yi wa tatsuniya. Wanda ya tsargu, da shi ake."

Daga nan ta daina zagaye-zagaye. Ta ce ba ta hana tafiya ba, ta san ba a kokawa da gwamnati. Abu ɗaya take roƙo: a raba irin doyar tsoho biyu, a kai rabi wajen 'yarta da ke aure a Uke, a gwada sabuwar ƙasa da rabi. In ta karɓa, madalla. In ta ƙi, iri yana nan.

Baba ya ƙi. Dalilinsa? An ce wanda bai cika gonar da aka ba shi da shuka ba, za a rage masa. Wa ya ce? Oho! A cikin motar ya ji. Wani "an ce" ya hau kan "an ce", suka taru suka danne tsohuwar da ta tsufa hannunta yana cikin ƙasa.

Ranar tashi mata suka ɗauki irin a kafaɗa, kamar yadda muke ɗaukar kaya, Kaka tana biye tana faɗa da yarenmu har bakin mota. Da muka isa, ko ɗakin kwanon ba ta leƙa ba. Ta ɗauki fartanya ta nufi gona, ina bayanta. Sara kaɗan ta yi fartanyar ta yi ƙara. Ƙasar ba ta fi taƙi ba, ƙarƙashinta marmara ce. Ta kama hannuna ta tura a ramin ta ce, "Taɓa. Kada gobe ki ce an ce."

Duk da haka Baba ya shuka, duka. Ina zai kai shi a lokacin? Doyar ta fito kamar dunƙulen hannun yaro, ruwa ya kwanta a kan marmara ya ruɓar da saura. Da damina ta zagayo, ko na shukawa babu. Baba ya koma leburan gini a birnin da ya cinye gonarsa. Kaka ba ta taɓa ce masa "na faɗa maka" ba, amma ba ta ƙara hura mana wuta ba. Muka roƙe ta tatsuniya, ta ce, "Ta ƙare. Sauran kun gani da idonku."

Na daɗe ina fushi da Baba. Yanzu fushin ya fi yawa ga waɗanda suka dubi wurin daga gilashin mota suka ce ya yi, da masu ce mini a ofis wai Abuja daji ce da, ba kowa. Ba kowa? A ƙarƙashin kwaltar nan aka binne cibiyata!

Kwanan baya, a gidana a Kurudu, na gasa doyar kasuwa, na ji 'yata tana gaya wa ƙawarta, "Wai da muna da wata doya, an ce tana tsagewa da kanta." Na buɗe baki zan yi mata faɗa irin na Kaka, sai na rasa abin da zan tura hannunta a ciki. Ni na ci, na san daɗinta. Ita kuwa, ko za ta shekara ɗari, "wai" kawai na bar mata.