Barira da Kyanwar da Ba Ta Jure Turare

Barira ta zo Kuala Lumpur ne da mijinta Shafi'u, wanda ke karatun digiri na uku. A Kano ma'aikaciyar jinya ce, amma takardar zamanta a nan ba ta ba ta damar aiki ba. Shekara biyu tana zaune a hawa na sha ɗaya a unguwar Sentul, tana girki tana kallon jiragen ƙasa ta taga.

Da aka sa dokar kulle saboda korona a 2020, wani gidan ajiye kyanwoyi ya rasa masu zuwa taimako, ya fara roƙon jama'a su ɗauki dabbobin. Lafiyayyun suka ƙare cikin mako guda. Aka bar masu ciwon suga da makafi da wadda mota ta karya wa ƙugu. Irin waɗannan Barira ta riƙa ɗauka, biyu ko uku a lokaci ɗaya, ta yi jinyarsu har su murmure, sannan ta nema musu gida. Shafi'u ya ce shi dai kada su hau masa littattafai.

Cikinsu akwai wata fara mai ciwon asma, ta sa mata suna Mero. Safe da yamma ake kafa mata abin shaƙar magani a hanci. Anti Sauda, matar wani malamin jami'a a unguwar Titiwangsa, wadda matan Hausawan garin ke kai wa gaisuwa da shawara, ta ce a ba ta ita saboda yaranta sun gaji da zaman ɗaka.

Kafin a miƙa ta, likitar dabbobin da ke duba Mero ta tambayi Barira ko akwai hayaƙi a sabon gidan. Barira ta ce Allah ya kiyaye, ba mai shan sigari a gidan malam. Gaskiya ta faɗa. Bai zo mata a rai ba cewa turaren wuta ma hayaƙi ne, don ita a wurinta ƙamshin gida ne kawai. Nata turaren ya ƙare tun farkon kulle, kaya kuma ba sa zuwa daga gida, shi ya sa Mero ta zauna lafiya a hannunta.

Kwana tara bayan haka Anti Sauda ta kira ta ce kyanwar ta ƙi abinci, tana wani irin fito. Barira ta sa takunkumi ta tafi. Tun daga bakin ƙofa ta gane. Tagogi a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki, kasko a tsakiyar falo yana tada hayaƙi. Mero tana ƙarƙashin kujera, ta miƙe wuya, baki a buɗe, cikinta yana sama da ƙasa.

Barira ta durƙusa ta gaida Anti Sauda kamar kullum, ta amsa cewa laifinta ne da ba ta faɗa ba tun farko, ta roƙi a daina kunna turaren a falo. Anti Sauda ta yi dariya ta ce shekara ashirin da aure ba ta taɓa kwana ba turare ba.

"Yanzu saboda mage zan bar gidan mijina yana warin mage? Ki ƙara mata magani kawai."

"Anti, magani ba zai yi ba in hayaƙin na nan. Ko kaskon ya fita, ko in tafi da ita."

"Kyauta kika ba ni, Barira. Mu ba ma karɓe kyauta."

"Amana na ba ki, Anti."

Barira ta kwanta a ƙasa ta jawo Mero, ta naɗe ta a gyalenta ta fita, yaran suna kuka a bayanta. Kwana biyu kyanwar ta yi a asibiti kafin numfashinta ya daidaita.

Maganar ta zagaya a zauren matan na waya. Wasu suka ce zaman waje ya juya wa Barira kai, wasu suka ce rashin haihuwa ne ya sa ta renon dabbobi. Ta karanta duka, ba ta fita daga zauren ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Ta rubuta layi biyu kawai: akwai kyanwoyi biyu masu neman gida, mai asma kuma ba za ta shiga gidan da ake turare ba.

Da aka sassauta doka, Anti Sauda ta yi walima ba ta gayyace ta ba. Shafi'u ya lallaɓa ta ya ce ta je ta gaishe ta, malamin nan mijin Anti yana da alfarma a wurinsa. Ta ce gaisuwa kam za ta je, amma ita kaɗai, ba da Mero ba.

Ta je. Anti Sauda ta amsa sama-sama, sannan ta tambaya ko za a dawo wa yara da magensu.

"A'a, Anti," in ji Barira. "Ta samu gida. Tana wurina."