Adakar Baffa

Na gaji da masu tambayata yaushe littafin Baffa zai fito. Ba zai fito ba. Bari in faɗi dalili sau ɗaya in huta.

Baffa wan mahaifina ne, ɗan gidan sarauta a wani gari can wajen Minjibir. Shi ake sa ran zai gaji rawanin gidan, sai ya bi boko da siyasa a lokacin da Turawa ke shirin naɗe tabarmarsu. Ya zauna a majalisa, da shi aka yi ta kai ruwa rana kan yadda za a karɓi mulki. Dangi suka ce ya watsar da gida, 'yan siyasa kuma ba su taɓa daina kallonsa ɗan sarauta ba. Da soja suka zo aka watse, ya dawo gona, rawanin ya riga ya hau kan wani ƙaninsa. Ni dai na taso na same shi tsoho mai noman gero da gyaɗa, ba ya zancen da.

Abin da bai faɗa da baki ba, ashe ya rubuta. Yana da adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da takardu rubuce da ajami, kowane shafi ya buɗe da bisimilla. Ya nuna mini ita wata rana muna ɓarar gyaɗa a zaure.

"Malam, kai ne mai koyar da tarihi," in ji shi. "Ka zo ka kwafe wannan kafin gara ta riga ka."

Na ce to, Baffa, bayan jarrabawa. Bayan jarrabawa na ce bayan girbi. Girbi nawa aka yi, ban ma son ƙirgawa. Daga makarantarmu zuwa ƙofar gidansa, fa, tafiyar babur ce da ba ta kai sa'a ɗaya ba.

Ana cikin haka na samu ƙarin karatu a Malesiya. A can aka kai mu gidan tunawa da wani shugabansu, shi ma ɗan sarki ne da ya shiga siyasa, ya ja mutanensa suka karɓi mulki daga Turawan da suka mulke mu. Ga teburinsa, ga tabaransa, ga wasiƙunsa a cikin gilashi, har motarsa ana goge ta. Yara 'yan makaranta suna bi layi-layi suna kwafa. Wallahi kunya ce ta rufe ni. Ranar na buga waya gida, aka kara wa Baffa a kunne don jinsa ya yi nauyi, na ɗaga murya na ce ina dawowa adakar zan fara ɗauka. Ya yi dariya ya ce Allah ya kawo ka.

Saura kaɗan in dawo ya rasu. Na iso an riga an yi sadakar arba'in.

Goggo, matarsa, ta karɓi gaisuwata a tsakar gida. Da muka gama addu'a na tambayi adakar, ta sa aka fito da ita. Tun daga ɗagawa na ji ba nauyi.

Ta ce da aka zo share ɗakin an tarar rufin ya yi yoyo a kanta da damina, ɓera ya shiga ta gindin da ya yi tsatsa, gutsattsarin takardu duk a ƙasa, ga sunan Allah ana takawa. Hankalinta ya tashi, ta aika wa liman. Ya duba shafin sama, ya ga bisimilla, ya ce a yi yadda ake yi wa takarda mai tsarki in ta tsufa. Aka ƙone su, aka binne tokar a gindin ɗorawar bakin gona inda ba a bi.

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan yi wa faɗa. Goggo ta girmama abin da aka koya mata girmamawa. Liman bai karanta ba, to, ni da nake tunƙaho da digiri na karanta ne?

"Amma na bokon duk na ajiye maka," in ji ta, tana murna. "Ko ɗaya ban bari an taɓa ba."

Na buɗe. Katunan gayyatar shan shayi a gidan Razdan, Baturen mulkin lardi, da takardar jerin abincin wata liyafa, da hoto ɗaya da ba a gane fuskar kowa.

Na ce na gode, Goggo. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ai ya ce za ka zo. Tun da ka buga wayar nan, ko babur ya ji ya tsaya a ƙofa sai ya ce a duba ko kai ne."

Har yanzu ina koyarwa. Tarihin ɗan sarkin can na Malesiya na san shi ciki da bai, ina iya cinye zango guda a kansa. Na Baffa kuwa, duk abin da na sani shi ne wanda na faɗa a sama.