Tsuntsayen Yaya Gambo Duk Yankakku Ne

Ku da kuka san Yaya Gambo, kun san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara gaisawa da bango. Yana yin sallama zai ture hula gefe, ya manna kunne a jikin ginin, ya ɗaga maka hannu wai ka yi shiru. Gara yake saurare! Ranar da ya zo ganin ɗakina a Gashuwa ina amarya, surukina yana ta "sannu da hanya", shi kuwa kunne na bango. Can ya ɗago ya ce, "Baba, ana cin gidanka." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Abin ya samo asali ne a Nguru, gidan wani Bature mai sayen gyaɗa da ƙaro, inda Yaya yake boyi. Matar Baturen ce jirgin ƙasa ya kawo wa wasu naɗaɗɗun takardu, aka liƙe falo da su tun daga ƙasa har rufi. Da hannu aka zana su: itatuwa, furanni, tafki, da wasu tsuntsaye masu wutsiya kamar rawani ya kwance. Da yaƙin Hitila ya taso za su tafi, matar ta kama hannunsa tana hawaye ta ce ya kula mata da lambunta, wato zanen bangon nan. Shi ke nan, ta gama da mu! Ba su dawo ba, Yaya kuma bai sauka daga alkawari ba.

Ya jiƙa maɗaci ya shafa a gindin bango, ya dama ƙaro ya liƙe inda ya ɓanɓare. Da damina bargonsa yake rataya wa takarda saboda laima, shi ya kwana yana kyarma. Matarsa Ya Fanna ta ce, "Malam, ni fa ban taɓa samun bargon nan ba."

Ya ce, "Ke gara na cin ki ne?"

Duk da haka gara ta ci rabonta. Inda ta huda, sai ya liƙa takardar kanti ya cike da kansa, da shuni da jar ƙasa da tawada. To, tsuntsun Turawa ina ya san shi? Na fadamarmu ya sani. Yau dinya, gobe zalɓe, jibi gauraka. Na je wata rana na ga wani abu baƙi a cikin tafkin, har da gashin baki.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

"Tarwaɗa ce. Tafki ba kifi ai zalunci ne."

"To wannan zabuwar me take yi a kan ruwa?"

Ya harare ni. "Dinya ce, makauniya!"

Ana nan sai wani malami ya ce masa mai zana abu mai rai, ranar gobe ƙiyama za a ce ya busa masa rai. Kai, Yaya ya rame! Tuwo ma ya ƙi shiga. Ga tsoron Allah, ga amanar matar Bature. Ya yi ta bin malamai har Jajimaji, sai wani tsoho ya ce idan aka ja layi a wuya, hoto ya zama matacce. Ya dawo a guje, ya feƙe alƙalami, ya hau kan turmi. Tsuntsu ɗaya ɗaya yake bi, nasa da na Bature, ya ce "Bismillahi, Allahu akbar", ya ja masa tawada a wuya. Ni da Ya Fanna muna bakin ƙofa mun riƙe ciki don dariya.

Ta ce, "Malam, a ɗora ruwan figa?"

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Ku yi shiru, kuna razana su."

Bayan yaƙi da wasu shekaru wani Alhaji Modu ya sayi gidan, ya ce falon nan rumbun gyaɗa zai zama, a kankare a shafa farar ƙasa. Masu shafe suka zo da bokitai, suka tarar da Yaya kwance a dokin ƙofa ya lulluɓa da bargon nan, ya ce sai dai su fara shafe shi. Aka kirawo Alhaji, ya zo yana huci.

"Gambo, gidana zai zauna da hotuna? Haramun!"

Yaya ya tashi ya ja shi ciki. "Alhaji, duba wuyansu da kyau. Duk yankakku ne, da hannuna, da bisimilla. Ba mushe ko ɗaya."

Alhaji ya sa tabarau ya bi bango yana dubawa. Da ya iso kan tarwaɗa ya ce, "Wannan fa ba a yanka ba."

"Haba Alhaji, ana yanka kifi ne?"

Alhaji ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, rawani ya karkace. Ya ce a kai gyaɗar wani ɗaki, kuma mabuɗin falo ya zauna a hannun Gambo.

Amma akwai wadda Alhaji bai gani ba. Can bayan ƙofa akwai wata 'yar shamuwa, ita ce mafi kyau a duk zanensa, wuyanta ba layi. Ya zana ta ne daminar da 'yarsu ɗaya tilo ta rasu. Da ciwon ajali ya kwantar da shi na ce, "Yaya, in ja mata layin?"

Ya girgiza kai. "Bar ta. In an ce in busa mata rai, sai in ce Ya Rabbi, ban iya ba. Kewa ce ta sa ni."

Allah ya jiƙanka Yaya, ya yafe maka shamuwarka, ya sada ka da 'yarka. Ya ba ka lambun da gara ba ta shiga, ka ɗauke kunnenka daga bango ka huta.